Darakta da Jakinsa Mai Tashi Sama

Taubashi, ɗan gwaggona, Bagobirin Madawa, gaisuwar ubangida ce zuwa ga baransa, sai ka miƙe tsaye ka karɓa. An ce yanzu ko an kira ka da sunan da liman ya raɗa maka ba ka waiwayowa, sai an ce "Darakta". To Darakta, ina gajiyar mulki? Yaya ma'aikata? Yaya kamfanin da ba shi da ƙofa balle kwado?

Bari in warware wa masu karatu, kada su ɗauka sharri nake maka. Wannan bawan Allah da rana malamin lakwal ne, alli har a gira. Da dare kuma shi ne shugaban mutum biyar masu ƙera wasan waya, abin nan da yara ke cewa gem. Ba don kuɗi ba, in ji shi, don sha'awa. Damina uku ke nan ana ƙira. A tsakanin nan gwaggo ta aurar da 'yan mata biyu, akuyarta ta ga jikokinta, gem bai fito ba.

Mutanen nan biyar ba su taɓa zama a kan tabarma ɗaya ba, alhali garin Darakta da tabarma aka san shi. Mai rubuta wa na'ura umarni ɗan Buza ne, yana bida a Abijan, da rana yana tsaron shagon yayansa a Ajame, da dare ya buɗe tsohuwar kwamfutar da sai an tokare murfinta da bulo. Mai zane 'yar Keita ce, ɗaliba a jami'ar Tawa, da yatsa take zane a kan waya, kuma wallahi hannunta yana da kyau. Mai kiɗa da sauti Bazabarme ne a Yamai. Nan ne na san kanka ba ya aiki, taubashi. Duk faɗin Nijar ka rasa wanda za ka ba umarni sai Bazabarme? Yaushe Bazabarme ya fara karɓar oda daga bakin Bagobiri? Kana cewa "ina son kiɗan gobe", yana ce maka bara ba ya sa wa ubangijinsa rana. Na huɗu yaro ne mai cajin waya a Tamaske, shi ke gwada abin da aka yi. Na biyar kai ne. Na tambaya mene ne aikinka, aka ce kai ke kawo "tunani".

Tunanin ma ta saƙon murya yake zuwa a WhatsApp, ɗaya ya kai minti goma sha wani abu. Kashi na farko gaisuwa, na biyu tarihin Gobir, na uku ƙorafin cewa ba a sauraron saƙonninka. Abin da ake buƙata yana can ƙarshe, daidai inda megan 'yar Keita ke ƙarewa. Taron mako kuwa ka tsayar da shi "bayan isha'i", ka manta agogon Abijan yana bayan namu da awa guda, kuma isha'in can dabam take shiga. Ɗan Buza ya shigo ya tarar kowa ya kwanta, sai saƙonka yana jiransa: "Wasu ba su ɗauki aikin nan da muhimmanci ba."

Amma zan faɗi gaskiya ko da za ta faranta maka rai, abin da ba na so. Tunaninka na farko mai kyau ne. Ka ce a yi gem a kan albasa, daga fadama har kasuwar Kumasi. Da na ji na yi shiru, don na san harkar albasa cacar halal ce tun kafin a ƙirƙiro waya. Manomi a kwarin Tarka ya zuba iri, ya dasa, ya yi wata uku zuwa huɗu yana ban-ruwa da injin da ke shan mai kullum, yawanci da bashi. Watan Maris da Afirilu kowa ya cire tasa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Nan mutum zai zaɓa: ya sayar yanzu ya biya bashin mai da taki ya huta, ko ya zuba a rudu, rumbun ajiyar albasa, ya jira bayan damina, lokacin da buhu kan ninka kuɗinsa, alhali kowane mako ruɓa tana cin rabonta a cikin rudun. Ga dillali. Ga buhu mai hula, wanda ake tula masa albasa a ka har ya wuce baki a ɗinke, a biya kuɗin buhu ɗaya. Ga kamyo ya tashi daga Tunfafi ko Sabon Gida ko Galmi ya nufi Kumasi ko Akara ko Abijan, ga shingaye, ga zafin hanya, kuma da hanyar Benin ta rufe a 2023 sai aka koma yin zagaye, kowace rana da aka ƙara a hanya albasa ce ke zama ruwa. Jar albasar Galmi ce fa, wadda tun 2023 take da takardar shaidar asali daga hukumar OAPI, ita da kilishinmu. Galmin ma ba a ƙasarku take ba, tana Malbaza, amma kun fi masu ita tutiya da ita.

Duk taki ɗaya a wannan hanya akwai shawarar da za ta iya kai mutum Makka ko ta sa ya ɓuya wa masu bin bashi. Ai gem ke nan, an gama ƙera shi, saura a zuba a waya. Yaran Bangi da Karofan ba su taɓa ganin gonar ubansu a allon waya ba, kullum sai Free Fire da Ludo da ƙwallon Turawa.

Sai jinin Gobir ya motsa. Ka ce ba zai yiwu jarumin gem ya zama manomi kawai ba, dole ya zama jikan Bawa Jangwarzo. Aka sa masa takobi, manomin albasa da takobi. Ka ce a yi masa zanen Gobir, shida a wannan kunci bakwai a wancan. 'Yar Keita ta kwana tana zana su, aka sa a wayar Itel, fuskar jarumin duka ba ta kai ƙwayar wake ba, yaron Tamaske ya aiko yana tambaya ko gilashin wayarsa ne ya ƙara tsagewa. Daga nan ka ce a gina Alkalawa gaba ɗayanta, da ganuwa da fada da dawaki, birnin da ya faɗi tun 1808, kai ne za ka tashe shi da megan jaka ɗaya. Sai kokawa. Sai dara, wai in an gaji da ban-ruwa a zauna a yi. Sai tseren raƙuma, don wani Buzu ya yaba maka a tasha. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kai ka cusa kwando guda a baki kana mamakin me ya hana ka magana.

In an yi maka magana sai ka kawo sunayen manya. Ka ce ai Aurion na Kamaru ma ya daɗe. Gaskiya ne, Olivier Madiba ya fi shekara goma yana ɗauke da tunanin kafin gem ɗin ya fito a Afirilun 2016. Amma Kiro'o Games kamfani ne a Yawunde, mutum wajen ashirin a ɗaki ɗaya, da kuɗin masu zuba jari, aikin da suka tashi da shi ke nan suka kwana da shi. Ka ce ai Stardew Valley gem ɗin noma ne, mutum ɗaya ya yi shi, an sayar da fiye da miliyan 30. Shi ma gaskiya ne. Eric Barone ya fi shekara huɗu a kansa kafin ya fito a 2016, shi ke zane, shi ke kiɗa, shi ke rubuta umarni, yini guda yana zaune, da dare ya tafi aikin nuna wa mutane kujera a gidan kallo. Cikin ayyukan nan wanne ka iya? Ko zaman ma ba ka iya ba. Wanda ya kamata ka duba yana kusa, ba ka son ambatonsa: Mahaman Sani Housseyni Issa a Yamai, da ya yi Les Héros du Sahel. Bai ce sai ya gina duniya ba. Ya yi ɗan gem na waya daidai ƙarfinsa, ya sake shi, mutane suka taɓa da hannunsu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hijirarku ta 2023. Da Unity kuka fara, manhajar da ake ƙera gem da ita. Watan Satumba kamfanin ya ce zai riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da wani ya sauke gem. Duniya ta ɗauka, kai ma ka ɗauka. Ka kira taron gaggawa, ka ce ba za a yi mana mulkin mallaka sau biyu ba. Ɗan Buza ya yi ta ƙoƙarin gaya maka cewa harajin ba ya hawa kan kowa sai wanda gem ɗinsa ya kawo dalar Amurka dubu 200 a shekara, kuma aka sauke shi sau dubu 200. Ku ko dalar Nijar ba ku samu ba, wadda ba ta sayen ƙosai. Ka ce ai shiri tun da wuri ya fi. Kuka koma Godot, aka faro komai daga tushe, bayan shekara guda Unity ta soke harajin. Komawar kanta ba laifi ba ce, Godot kyauta ce, wasu 'yan Ajantina biyu suka ƙera ta suka sake wa duniya a 2014, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfutar Ajame tana iya ɗaukarta, sauke ta ba ya cinye megan wata. Dalilinka ne dai na wanda ya gudu daga gari don tsoron zakkar shanun da ba shi da su.

Ajiyar aikin kuma sai addu'a. Masu wannan sana'a suna da wata ma'ajiya, Git, tun 2005 ake amfani da ita. Kowa ya yi gyara sai ta rubuta wane ne, yaushe, me ya taɓa, in an yi ɓarna a koma baya a ɗauko na jiya. Don mutanen da ke aiki ɗaya daga garuruwa dabam-dabam aka yi ta, wato ku. Ɗan Buza ya roƙe ka ka koya, ka ce Darakta ba ya shiga ƙananan abubuwa. Sai ana tura fayil ta WhatsApp. Na ga jerin da idona a wayarka: "gem na ƙarshe", "gem na ƙarshe 2", "na ƙarshen gaske", "wannan ne kar a taɓa". Ranar da ka tashi taimako ka ɗauki tsohon ka danne sabon, aikin wata biyu ya bi ruwa, ka aiko da saƙon murya mai taken haƙuri da ƙaddara.

Na san amsarka, don na sha jin ta: wuta da rezo. Ban musa ba. Daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu har zuwa Maris 2024, kowa ya ɗanɗana, kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ba za ta ɗauki jihar Tawa ita kaɗai ba. Har yau akwai ƙauyukan da sai an hau dabagi ake aika hoto. Amma kada ka kawo mini wannan uzuri, ni da na tashi a Keita. Uwarka da ka tsotsa, kafin a kai ta Madawa, tana cikin matan da suka yi aikin Furojen Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, FAO na jagoranta, PAM na ba da abinci a madadin lada. Maza sun tafi bida, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera a kan tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin dutse, aka dasa itatuwa miliyoyi. A kwarin Majiya ta wajen Buza kuwa tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi-layi don karya iska, da taimakon CARE, layukan suna nan kowa na gani. Babu rezo, babu caji, saƙo da ƙafa yake zuwa. Abin da suke da shi wanda ba ku da shi ɗaya ne: da safe kowace mace ta san aikinta na yau, rami kaza, tsawo kaza, kafin a tashi mai awo ya zo ya auna. Ku kuwa aikin makonku shi ne "a inganta gem". Wa zai auna wannan? Gwaggo ta tare ruwan tudu da dutse, ɗanta ya kasa tare bakinsa. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Yanzu ga labarin da ba ka so a buga. Na je Tamaske, na tsaya a rumfar yaronku. Allon katako ne cike da soket, kowace waya an manna mata lamba, fanon hasken rana a kan rufi, batir a ƙarƙashin tebur an rufe shi da buhu. A gefe yara sun yi cincirindo a kan wata Itel da aka ɗaure bayanta da roba, kawunansu sun haɗe har ba ka ganin mai riƙe da ita. Na leƙa. Ɗan guntun gem ɗinku ne, wanda aka yi tun farko don gwaji kafin Gobir ta shigo: ana ɗora wa jaki buhunan albasa a kai su bakin hanya kafin kamyo ya tashi. In ka ɗora daidai, jaki ya tafi salin-alin. In ka yi haɗama ka ƙara buhu, sai jakin ya fara rawar jiki, ya ɗaga, ya yi sama, ƙafafunsa na ci gaba da tafiya a iska, ya wuce kan giginya, ya wuce gajimare, kunnuwansa kawai ake hangowa. Yara su fashe da ihu. Wani ɗan ƙarami mai majina ya rantse nasa ya kai inda babu launi.

Ɗan Buza ya yi mini bayanin dalili. Kowane abu a gem yana da akwatin da ido ba ya gani, wanda ke hana shi shiga cikin wani. Akwatin buhu ya kutsa cikin na jaki, na'ura tana ƙoƙarin raba su, buhun kuma a ɗaure yake a bayan jakin, don haka duk turin da ta yi sai su tashi tare. Kuskure ne na minti biyar. Kuskuren nan kuma shi kaɗai ne abin da kamfaninka ya taɓa fitarwa. Ta Xender da Bluetooth ya bi hannu-hannu har Garhanga da Ibohaman, ba talla, ba mega. Da ka ji sai ka ba da umarnin a gyara, wai yana zubar da mutuncin aikin. Yaron Tamaske ya ce in aka taɓa jakin nan ya bar tawaga. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikinku, shi ne kuma kaɗai ke zama da masu wasan.

A rumfar akwai wani dattijo daga Karofan da ya kawo caji. Aka nuna masa ɓangaren gonar. Ya kalla tsit, ya ce wanda ya yi wannan bai taɓa cire albasa ba. A gem ana ban-ruwa har ranar cira, alhali manomi yana ɗauke ruwa kwanaki kafin nan don wuyanta ya bushe, in ba haka ba rudu zai zama kabarinta. Ya ce kuma kun sa duk wanda ya zuba taki da yawa shi ke cin riba, ba ku san albasar da ta ƙoshi da takin zamani ƙatuwa ce a ido amma ba ta ajiyuwa ba. A tsaye, yana jiran wayarsa, ya ba ku dokokin gem da suka fi duk saƙonninka na damina uku. Kai da ke kwana a bakin Tarka, ba ka taɓa ɗaukar waya ka gangara fadama ka tambaya ba, kana can kana auna faɗin ganuwar Alkalawa.

Harshe kuma fa? Farko da Faransanci kuka rubuta komai, "Jouer", "Quitter", wai don kasuwar duniya. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Maris 2025 ka wayi gari ɗan kishi, ka ce a juya. Aka juya, sai duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke aka ga ɗan akwati fanko, don salon harafin da kuka zaɓa bai san su ba. Maganin ɗauko wanda ya san su ne, irin Noto, kyauta yake. Kai kuwa ka ba da shawarar a guji duk kalmar da ke da ƙugiya. Gem ɗin albasa babu ƙasa, babu kuɗi, babu ruɓa. Da aka gane yawancin masu wasan murya suke so ba rubutu ba, wa aka ba karatun? Bazabarme. Yanzu jakin "ta tafi", matar manomi "ya dawo".

Duk wannan bai hana ku faɗan rabon riba ba. Mako biyu kuna jayayya a kan kashi nawa Darakta zai ɗauka, har 'yar Keita ta fita daga zauren sai da aka bi ta da ban-haƙuri. Ribar me? Sa gem a Play Store dalar Amurka 25 ne sau ɗaya, ba ku tara ba. Sabon asusu kuma sai ya kawo mutum 12 da za su riƙe gem ɗin a wayarsu kwana 14 suna gwadawa, da 20 ne ma aka rage. Kuɗin ba ya ba ni tsoro. Inda za a samo mutum goma sha biyu da za su jure Bagobiri mako biyu ne nake tunani.

Ga hukuncin ubangida, tunda ba wanda ke iya gaya maka a tawagar. A ajiye takobi, a mayar da Bawa Jangwarzo makwancinsa, Allah ya ji ƙansa, bai yi maka laifin komai ba. A bar jaki yadda yake. A ƙara masa rudu da kasuwa ɗaya, a sa dokokin dattijon Karofan, a sake shi kafin a cire albasar bana. Kowane mutum a ba shi aikin da zai iya gamawa a mako, a rubuce, layi biyu. Kai kuma naka aikin shi ne ka gangara fadama da waya ranar da ba lakwal, ka riƙe wa manoma su taɓa, ka rufe baki.

Saura maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mugun dillalin da ke cikin gem ɗin, mai danne manomi a kan buhu mai hula, na gan shi. Hulata ce a kansa, wushiryata ce a bakinsa, har yadda nake karkace wuya in ina ciniki. 'Yar Keita ta ce kai ka aika mata hotona na bikin ƙanwarka. Ban hana ba, dillalin ma shi ne kaɗai mai hankali a gem ɗin. Amma fuska ba kyauta ba ce. Ka haɗa kuɗinta da na sharar cika-ciki da muke ta jayayyar wa ke bin wani, ka aiko kafin watan ya kama, kuma kada ka ce mini rezo. In ba haka ba, ranar Juma'a zan ɗauki waya in je gaban gwaggo, in buɗe mata mataki na biyu, in nuna mata tsohuwar nan mai faɗa da ke korar jaki da muciya, in tambaye ta ko zanen da ke jikin matar ya yi mata kama da wanda ta ɗaura ranar sallah.